Fashin Baƙi: Shin Attaura da Talmud za su iya koya wa yaro dimokuraɗiyya?

Daga watan Janairun 2023, duk ranar Asabar da daddare jama'a sun riƙa yin dafifi a titin Kaplan da ke birnin Tel Aviv, suna adawa da shirin gwamnatin Benjamin Netanyahu na rage wa Kotun Ƙolin Isra'ila ƙarfi. Wata tara aka shafe ana haka, sai da harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza suka zo suka katse abin. Masu lura sun ga wani abu a wannan rikici: kowane ɓangare da malamansa na addini. Jam'iyyun addini suna cikin gwamnati suna mara wa shirin baya, wasu masu addinin kuma, da 'yar hularsu a tsakar ka, suna cikin masu zanga-zanga suna jawo ayoyin Attaura. Littafi ɗaya, fatawa biyu.

Wannan ya sake tono tsohuwar tambaya da malaman makarantun Yahudawa suka daɗe suna fama da ita. Za a iya ɗaukar littattafan da aka rubuta a zamanin sarakuna da annabawa a koya wa yaron yau muhimmancin ƙuri'a, da bin doka, da haƙuri da wanda ya saɓa masa? Ko kuwa ana ɗora wa tsofaffin nassoshi kayan da ba nasu ba ne?

Kafin a shiga maganar, akwai abu biyu da yawancinmu kan cakuɗa: addinin Yahudanci da gwamnatin Isra'ila. Ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta, addinin kuwa ya girme ta da dubban shekaru. Yahudawan duniya sun ɗan haura miliyan 15, kuma fiye da rabinsu a wajen Isra'ila suke zaune, akasari a Amurka, inda ba su wuce kashi 2 da ɗoriya cikin ɗari na jama'a ba. Darasin da ake koya wa ɗan tsiraru a New York daban yake da wanda ake koya wa ɗan masu rinjaye a birnin Ƙudus, ko da nassin ɗaya ne.

Me ake koyarwa, kuma da wane littafi?

Ilimin zama ɗan ƙasa shi ne koya wa yaro yadda gwamnati ke aiki, haƙƙinsa a kanta, da haƙƙin jama'a a kansa: zaɓe, haraji, kotu, 'yancin faɗin albarkacin baki. Masu wannan yunƙuri suna so yaron ya ji cewa waɗannan abubuwa ba baƙi ba ne a gidansu, wato ya fita jefa ƙuri'a yana jin wani nauyi na addini ya sauke.

Kayan aikinsu uku ne. Akwai Attaura da littattafan annabawa. Akwai Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka harhaɗa wajajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Sai Talmud, doguwar muhawarar malamai a kan Mishna, wadda aka kammala tattara ta a Babila, Iraƙi ta yau, bayan wasu ƙarnoni uku zuwa huɗu. Malamin addini ana ce masa rabbi, makarantar nazarin Talmud kuma yeshiba. A Amurka wasu yaran suna makarantun Yahudawa na cikakken yini, wasu kuma suna makarantar gwamnati, sai su je karatun addini da yamma ko ranar Lahadi, kwatankwacin yadda namu ke zuwa Islamiyya bayan an tashi boko.

Wasiƙar da aka aika wa kamammun yaƙi

Kusan duk wanda zai koyar da wannan darasi daga wuri ɗaya yake farawa. A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabawa ke kira Bukhtunassar, ya kwashi manyan mutanen Ƙudus ya tafi da su ƙasarsa. Suna can suna jiran ranar komawa gida, sai Irmiya, ɗaya daga annabawan Bani Isra'ila, ya aika musu wasiƙa. Ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. A lura da wanda ake cewa a yi wa addu'a: birnin mutanen da suka ci su da yaƙi.

Bayan kimanin shekara ɗari takwas, a ƙarƙashin daular Farisa, wani malami mai suna Shemuyel ya dunƙule wannan a jimla ɗaya ta Aramiyanci: dina de-malkuta dina, wato dokar masarauta doka ce. Ma'anarsa, harajin sarkin da ba Bayahude ba da dokokinsa na ciniki da filaye sun hau kan Bayahude a addinance. Malaman baya sun yi wa ƙa'idar shinge. Ba ta shiga ibada. Musa bin Maimun, mutumin Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya ce dokar da sarki ya kafa a kan kowa da kowa ita ce doka, amma idan ya ware mutum ɗaya ya ƙwace masa dukiya ba bisa dokar da aka sani ba, wannan fashi ne. Malamin aji a yau zai ce wa ɗalibai: ga asalin daidaito a gaban shari'a. Wata tsohuwar magana a Mishna ta fi wannan fitowa fili, inda ta ce a riƙa yi wa hukuma addu'a, don ba domin tsoronta ba da mutane sun haɗiye juna da rai. Har gobe ana karanta addu'a ga shugabannin ƙasa ranar Asabar a majami'u da yawa na Amurka da Ingila.

Akwai kuma mulkin cikin gida. Da yake sarakunan Turai da na ƙasashen Musulmi sun bar wa Yahudawa tafiyar da harkokinsu, kowane gari yana da majalisarsa mai karɓar haraji, mai kula da makaranta da marayu da maƙabarta. A Poland har majalisar ƙasa suka yi, wadda ta yi aiki daga ƙarni na 16 zuwa 1764. Talmud ya tsara yadda baƙo ke zama ɗan gari ta hanyar aljihunsa. In ya kwana talatin, za a karɓi kasonsa na abincin mabuƙata. Wata uku, asusun sadaka. Wata shida, suturar talakawa. Wata tara, kuɗin jana'izar marasa gata. In ya cika shekara, sai gyaran ganuwar gari. Kuɗin sadaka mutum biyu ke karɓa, mutum uku ke rabawa, don kada a bar amana a hannun mutum ɗaya. Wannan tsari yana burge ni, domin bai fara da abin da gari zai ba ka ba. Da abin da za ka bayar ya fara.

Da Turai ta fara ba Yahudawa takardar zama 'yan ƙasa, sai aka sa su a gaba da tambayoyi. Faransa ta ba su cikakken 'yanci a 1791, amma a 1806 Napoleon ya tara manyansu a Paris ya jefa musu tambaya goma sha biyu, ciki har da ko suna ɗaukar Faransa ƙasarsu, da ko za su kare ta. Da ƙa'idar Shemuyel suka amsa. A Amurka abin ya zo da sauƙi. A 1790 George Washington ya rubuta wa jama'ar Yahudawan Newport cewa gwamnatinsa ba za ta ɗaure wa ƙiyayyar addini gindi ba, kuma zamansu a ƙasar haƙƙi ne, ba alfarmar da masu rinjaye ke yi musu ba. Duk shekara ana karanta wasiƙar a majami'ar Touro da ke garin.

Makarantar da gardama ta zama ibada

A ganina, abin da ya fi duk waɗannan nassoshi ƙarfi shi ne yadda ake karatun kansa.

Wanda ya shiga zauren yeshiba zai ɗauka kasuwa ce ke ci. Hayaniyar ta yi kama da ta makarantar allo da hantsi, sai dai a allo kowa karatunsa yake biyawa, a nan kuwa ɗalibai biyu-biyu suke zaune fuska da fuska, littafi a tsakani, suna musu. Ɗaya ya karanta layi ya fassara, ɗayan ya buga teburi ya ce bai yarda ba, ya kawo hujja daga wani shafi. Ana kiran wannan abota habruta, kuma ana iya shekara da shekaru da abokin musu ɗaya. Shafin da ke gabansu ma gardama ce a zane: matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ƙarin bayanin malaman da suka biyo shi, ciki har da jikokinsa, suna yi masa gyara. Duk wanda ya saba da littattafan fiƙihu masu matani da sharhi da hashiya zai gane fasalin.

Talmud ya ba da labarin Rabbi Yohanan, wanda abokin musunsa Resh Lakish ya rasu. Aka kawo masa wani haziƙin ɗalibi don ya ɗebe masa kewa. Duk abin da malam ya faɗa, sai ɗalibin ya kawo hujjar da ke goyon bayansa. Malam ya fusata ya ce marigayin yakan kawo masa suka ashirin da huɗu a kan kowace magana, shi kuma ya ba da amsa ashirin da huɗu, da haka ilimi ke faɗaɗa. Kai kuwa kullum sai ka ce na yi daidai, an gaya maka ban san na yi daidai ba ne?

Sai gidaje biyu na malamai, gidan Hillel da gidan Shammai, waɗanda suka yi shekara uku suna jayayya. Labarin ya ce wata murya ta sauko daga sama ta ce maganar waɗannan da ta waɗancan duk maganar Allah Rayayye ce, amma a yi aiki da ta gidan Hillel. Dalili? Saboda suna da tawali'u, suna karantar da ra'ayin abokan hamayyarsu, har ma su kan fara kawo shi kafin nasu. Malamai a yau sun mayar da wannan atisayen aji: ba za ka soki ra'ayin abokinka ba sai ka fara faɗinsa yadda shi da kansa zai ce haka nake nufi. Mishna kuma ta tambayi kanta, me ya sa ake rubuta ra'ayin mutum ɗaya da aka kayar? Ta amsa cewa wata kotu a gaba za ta iya ganin dacewarsa ta dogara da shi. Alƙalan da ke rubuta hukuncin marasa rinjaye a kotunan ƙoli na yau wannan fatan suke yi. An ma raba saɓani gida biyu: wanda ake yi don Allah, irin na Hillel da Shammai, da wanda ake yi don neman girma, irin na Kora, wanda Musulmi suka sani da Ƙaruna. Cibiyar Pardes da ke Ƙudus ta gina manhaja guda a kan wannan rabe-rabe.

Labarin da ya fi kowanne yawo shi ne na tanderun Aknai. An yi wani tanderu da gutsattsarin yumɓu, aka cike tsakaninsu da yashi, sai aka yi saɓani ko yana ɗaukar najasa. Rabbi Eliyeza ya ce ba ya ɗauka, sauran malamai suka ce yana ɗauka. Da hujja ta ƙare masa sai ya koma ga karama. Ya ce in shi ke da gaskiya wata bishiya da ke wurin ta shaida, bishiya ta tuge ta yi gaba. Suka ce ba a kafa hujja da bishiya. Ya sa ruwan rafi ya juya baya, suka ce ba a kafa hujja da rafi. Bangon makaranta ya karkata zai faɗi. Daga ƙarshe murya ta zo daga sama tana goyon bayansa. Sai Rabbi Yehoshuwa ya miƙe ya karanto ayar Attaura mai cewa ba a sama take ba. Wato tunda an riga an saukar da shari'a ga mutane, ita kuma ta ce a bi masu rinjaye, to ƙuri'ar malamai ce za ta raba gardama.

Musulmi mai karanta wannan zai ji wani banbaraƙwai, kuma a cikin Yahudawan ma malamai sun sha wahalar fassara shi. Amma ga mai koyar da dimokuraɗiyya, tsuntsu ne daga sama gasasshe: babu wanda zai zo majalisa ya ce an yi masa wahayi don haka a rufe muhawara.

Daga aji zuwa titi

A Amurka ana shirya gasar kotun gwaji tsakanin makarantun sakandare na Yahudawa. A ba ɗalibai wata matsala ta zamani, su yi watanni suna tono nassoshi, su rubuta hukunci, sannan su kare shi a gaban alƙalai. Ɓangaren Yahudawa masu sassaucin ra'ayi da ake kira Reform yana da cibiya a Washington da ke tara matasa na 'yan kwanaki, a karantar da su nassi a kan talauci ko baƙin haure ko muhalli, a ranar ƙarshe su shiga ofisoshin 'yan majalisa su gabatar da buƙatarsu da bakinsu.

Masu tsantsar riƙo da addini ma ba a bar su a baya ba. A 1984 Rabbi Moshe Feinstein, babban mai fatawa a Amurka a zamaninsa, wanda ya baro Tarayyar Sobiyet a shekarun 1930, ya rubuta wasiƙa cewa wajibi ne kowane Bayahude ya yi rajista ya jefa ƙuri'a. Hujjarsa ita ce godiya: ƙasar da ta ba ka mafaka, ka saka mata da shiga harkokinta. Duk kakar zaɓe sai wasiƙar ta sake zagayawa.

Akwai hoton da kusan kowace irin wannan makaranta ke nuna wa yara: Rabbi Abraham Joshua Heschel, da farin gemunsa, a sahun gaba tare da Martin Luther King a tattakin Selma na 1965, lokacin fafutukar 'yancin baƙar fata. Da ya dawo ya ce ji ya yi kamar ƙafafunsa ne ke addu'a. Shekara guda kafin nan, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan sun kashe matasa uku masu yi wa baƙar fata rajistar zaɓe a Mississippi: James Chaney, baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, Yahudawa. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na Yahudawan Amurka suna ɗaukar aiki don adalci da daidaito a matsayin ginshiƙin zamansu Yahudawa.

Misalin da ya fi taɓa zuciya daga Warsaw ya fito. Wani likita, Janusz Korczak, ya jagoranci gidan marayun Yahudawa daga 1912, ya mayar da shi ƙaramar jamhuriya mai majalisa da jarida da kotu. Alƙalan kotun yara ne biyar da ake fitarwa ta hanyar ƙuri'ar sa'a, kuma yaro na iya kai ƙarar malami. Shi kansa Korczak ya gurfana a gabansu fiye da sau ɗaya. Mafi yawan sassan dokar kotun a kan yafiya suke. Ba daga Talmud ya ɗauko tsarin ba, mutum ne na ilimin zamani, amma makarantun Yahudawa sun rungume shi. A watan Agustan 1942 sojojin Nazi suka kwashe yaran, su kusan 200, zuwa sansanin Treblinka. Ya bi su, can aka kashe su tare.

Abin da masu suka ke cewa

Ba a nan gizo ke saƙa ba, in ji masu suka, kuma suna da hujja. Attaura ba ta san akwatin zaɓe ba. Sarki ta sani, da limamai masu gadon muƙami. Gaskiya ne ta yi wa sarkin takunkumi, ta hana shi tara dawakai da mata da zinariya, ta ce ya rubuta kwafin shari'a ya riƙa karantawa. Gaskiya ne kuma Isaac Abravanel, wanda aka kora daga Sifaniya a 1492, ya soki sarauta ya yabi jamhuriyar Venice. Amma Musa bin Maimun naɗa sarki ya lissafa a cikin umarnin addini. Rinjayen da aka bi a labarin tanderu kuwa rinjayen malamai ne, ba na manoma da 'yan kasuwa ba. Majalisun garuruwan Poland ma masu kuɗi da malamai ne suka riƙe su.

Mata fa? Da Yahudawan Falasɗinu za su zaɓi majalisarsu a 1920, Rabbi Abraham Isaac Kook ya ce addini bai yarda mace ta yi zaɓe ko a zaɓe ta ba. Rabbi Ben-Zion Uziel ya ce ya yarda, yana mai cewa ba a ɗora wa mutum biyayya ga shugabannin da ba shi da baki a zaɓensu. Duka biyun manyan malamai ne, kowanne ya riƙe muƙamin babban rabbi daga baya.

Shi kansa labarin tanderu, yawancin malaman aji a wurin daɗinsa suke tsayawa. Ci gabansa babu daɗi. Masu rinjayen ba su tsaya ga kayar da Rabbi Eliyeza ba, sai da suka ƙone duk abin da ya ce mai tsarki ne, suka yanke hulɗa da shi. Ya yi kuka, amfanin gona ya lalace, daga baya shugaban majalisar malaman, wanda surukinsa ne, ya mutu sanadin addu'arsa. Talmud ya ajiye labarin ne a babin da ke magana a kan cutar da mutum da harshe. Malamin da ya karantar da rabin farko ya koyar da ikon masu rinjaye. Wanda ya kai ƙarshe ya koyar da haɗarinsu, kuma ni a wurina wannan rabin ya fi amfani.

Wasu masu ra'ayin riƙau a Amurka suna ƙorafin cewa an mayar da addini reshen jam'iyya. Kalmar tikkun olam, wato gyaran duniya, ta zama riga mai shiga kowa, duk manufar da mutum ke so sai ya saka mata. Alƙaluman Pew na 2020 sun nuna rabuwar: kusan bakwai cikin goma na Yahudawan Amurka suna karkata ga jam'iyyar Democrat, amma kashi uku cikin huɗu na masu tsantsar addini suna tare da Republican. A can ƙarshen layi kuma akwai makarantun da ba su damu da darasin ba sam. A watan Satumban 2022 jaridar New York Times ta ruwaito cewa a wata babbar makarantar 'yan ɗariƙar Hasidi, sama da yara dubu sun zauna jarrabawar jiha ta Turanci da lissafi a 2019, babu ko ɗaya da ya ci. Shugabannin makarantun sun ce gwamnati na yi wa addininsu katsalandan, wasu tsofaffin ɗalibansu kuma suka ce an tauye musu rayuwa.

Mafi muni, nassi na iya zama makami. Ranar 4 ga Nuwamban 1995 Yigal Amir, ɗalibin shari'a a jami'ar Bar-Ilan wanda ya yi karatun yeshiba, ya harbe Firaminista Yitzhak Rabin saboda yarjejeniyar Oslo da Falasɗinawa. Hujjarsa wani hukunci ne na Talmud da ya halatta kashe wanda ke bin wani da niyyar kisa. Kafin shi, Meir Kahane, wani rabbi ɗan siyasa mai tsattsauran ra'ayi, ya sha faɗa a fili cewa Yahudanci da dimokuraɗiyya ba sa haɗuwa, har aka hana jam'iyyarsa shiga zaɓen 1988 saboda wariyar launin fata.

Ranar da ɗan tsiraru ya hau mulki

Kusan duk nassoshin da aka ambata a sama mutanen da ba su da soja ko ƙasa ne suka rubuta su. Sun ƙware a sanin yadda mai rauni zai zauna da mai ƙarfi. Yadda mai ƙarfi zai riƙe mai rauni kuwa, sai a 1948 tambayar ta zama ta yau da kullum.

Takardar ayyana kafa Isra'ila ta yi alkawarin daidaito ga kowa ba tare da duba addini ko jinsi ba, dokokin 1992 kuma suka kira ta ƙasar Yahudawa mai dimokuraɗiyya. Wace kalma ce ke gaba in sun yi karo? A kan wannan ake ta dambe a darasin zama ɗan ƙasa, wanda dole ne a ci shi kafin a sami takardar kammala sakandare. Makarantun ƙasar kashi huɗu ne: na gwamnati marasa ruwan addini, na gwamnati masu addini, na Haredi masu tsananin riƙo, da na Larabawa. Yaran ba sa haɗuwa a aji. A 2015 shugaban ƙasar na lokacin, Reuven Rivlin, ya kira su ƙabilu huɗu, ya nuna cewa kusan rabin 'yan aji ɗaya na firamare Larabawa ne ko Haredi.

Bayan kisan Rabin, rahoton kwamitin Farfesa Mordechai Kremnitzer na 1996 ya nemi a ƙarfafa koyar da dimokuraɗiyya a duk makarantu. A 2016, lokacin Naftali Bennett yana ministan ilimi, aka fitar da sabon bugu na littafin darasin, masana da dama da shugabannin Larabawa suka ce ya fifita Yahudanci a kan daidaito. A watan Yulin 2018 majalisar Knesset ta zartar da dokar da ta ce 'yancin ƙaddara makomar ƙasa na Yahudawa ne kaɗai, da ƙuri'a 62 a kan 55, ta kuma sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Larabawa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na 'yan ƙasar. Malamin da ke koyar da daidaito a Nazarat, birnin Larabawa a Isra'ila, me zai ce wa ɗalibansa? Ballantana miliyoyin Falasɗinawan Gaɓar Yamma da ke ƙarƙashin mulkin soja tun 1967, ba su da ƙuri'a a majalisar da ke yanke hukunci a kan rayuwarsu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Masu kare haƙƙin Larabawa daga cikin Yahudawa suna da nasu nassin. Attaura ta ce doka ɗaya ce ga baƙo da ɗan gida, ta ce kada a zalunci baƙo domin ku ma baƙi kuka kasance a Masar. Talmud ya ce sau 36 aka maimaita wannan gargaɗi, kuma abin mamaki, a shafin da labarin tanderu yake aka faɗi haka, daga bakin Rabbi Eliyezan da aka ware. Ɗaya ɓangaren sai su ce baƙon da ake nufi shi ne wanda ya shiga addinin. Yaƙin Gaza ya kai wannan saɓani har cikin gidajen Yahudawan Amurka. A ƙarshen Oktoban 2023 ɗaruruwan masu zanga-zanga ƙarƙashin ƙungiyar Jewish Voice for Peace suka mamaye tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York suna neman a tsagaita wuta, wasunsu sun ce tarbiyyar da aka ba su ce ta fito da su. Iyaye da malamai da yawa suka amsa da wata ƙa'idar Talmud ɗin, mai cewa Yahudawa masu lamunin juna ne.

Wa abin ya shafa?

A Amurka, ɗan tsirarun da ya san kotu da majalisa ya san inda zai kai kuka, kuma fafutukar 'yancin addini da Yahudawa suka yi a kan hula ko ranar hutu takan amfani Musulmi da sauran tsiraru. Musulman Turai da Amurka suna fuskantar tambayar da Shemuyel ya amsa, har malamansu suka buɗe babin fiƙihun tsiraru. Da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life da ke Pittsburgh a watan Oktoban 2018, ƙungiyoyin Musulmi na cikin waɗanda suka tara wa iyalan kuɗi.

A Isra'ila kuwa yaran da ke aji yau su ne sojoji da alƙalai da masu zaɓen gobe, kuma Falasɗinawa ne za su fara ɗanɗana abin da aka koya musu. Akwai 'yan makarantu na ƙungiyar Hannu da Hannu, da aka fara a ƙarshen shekarun 1990, inda yaran Yahudawa da na Larabawa ke zama aji ɗaya, da malamai biyu, da harshe biyu. Ɗalibansu 'yan dubbai ne a ƙasar da ke da yara sama da miliyan biyu a makaranta. A ƙarshen Nuwamban 2014 wasu matasa 'yan ƙungiyar Lehava, mai adawa da cuɗanyar Yahudawa da Larabawa, suka cinna wa ajin 'yan aji ɗaya wuta a reshen Ƙudus, suka rubuta a bango cewa Kahane ya yi gaskiya. Kotu ta ɗaure su. Washegarin gobarar yara suka koma makaranta, bayan 'yan kwanaki kuma Shugaba Rivlin ya gayyaci 'yan ajin da aka ƙona suka yi karatun ranar a fadarsa.